Tumbi, Tukunya da Tafiyar Ƙafa

A cikin birnin Kano har gobe barka ake yi wa wanda ya yi ƙiba. Amarya ta zo ganin gida bayan 'yan watanni, in aka ga ta ciko sai a ce aure ya karɓe ta. Ɗan kasuwa ya fara ajiye tumbi, abokai a majalisa su ce Alhaji hutu ya zauna. Wanda ya rame kuwa tambayoyi ne za su bi shi har gida: lafiya dai, jinya aka yi, ko kasuwa ce ta juya baya? Ba a banza mutane suka ɗauki wannan fahimta ba. Kakanninmu sun ga yunwar 1913 zuwa 1914, iyayenmu sun ga farin 1973, kuma a ƙasar da yunwa ke leƙowa jefi-jefi, jiki mai nama shaida ce cewa gidan akwai hatsi. Yunwar ma ba ta gama tafiya ba. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Amma binciken nan dai shi ne ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, alhali masu rama kashi 12 ne. A lungu ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, za ka tarar da yaron da bai samu abin da zai gina shi ba, ga kuma kakarsa da gwiwoyinta suka fara gaza ɗaukar ta.

Duk wanda ya taɓa raka wani ganin likitan ciwon suga ko hawan jini a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya san yawan jama'ar da ke zaman jira. Ba dukansu ne masu ƙiba ba, amma ƙiba tana cikin manyan hanyoyin da ke kai mutum wannan benci. Kitsen da ya fi haɗari ba shi ne wanda ake iya kamawa da hannu a cinya ko damtse ba. Shi ne wanda ke taruwa can cikin ciki, ya kewaye hanji, ya shiga hanta. Wannan kitse yana hana jiki jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka, sai sukari ya riƙa taruwa a jini shekara da shekaru mutum bai sani ba. Daga nan hawan jini, ciwon ƙoda, shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon gwiwa da na baya, ga minsharin da ke yanke numfashi cikin barci.

Likitoci suna da lissafin da suke yi: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita wanda aka ninka da kansa. Abin da ya fito in ya kai 25 nauyi ya fara yawa, in ya kai 30 ƙiba ce. Mutum mai kilo 90 da tsawon mita 1.70 yana kan 31. Amma akwai gwajin da ba ya buƙatar sikeli ko alƙalami, kuma ya fi nuna haɗarin tumbi. A sami igiya a yanke ta daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a kewaya da ita a tsakiyar ciki wajen cibiya. In bakunan suka haɗu, madalla. In suka ƙi haɗuwa, ƙugu ya wuce rabin tsawo, kuma lokacin gyara ya yi ko da fuska da hannuwa ba su nuna ƙiba ba.

Kafin a yi maganar yadda za a rage, yana da kyau a tambayi yadda aka yi ta shigo, domin mutanen birnin nan ba su zama malalata dare ɗaya ba. Birni ne da aka gina domin ƙafa da jaki. Fatake sun je Gwanja sayen goro a ƙasa. Mai zuwa kasuwar Kurmi daga Yakasai ko Mandawari ko Gwale da ƙafarsa yake zuwa ya dawo. Marina a Ƙofar Mata, masu bugu, maƙera, dukawa, duk da ƙarfin jikinsu suke cin abinci. Mata kuma, ko da suna cikin kulle, aikin yini guda na gida ya ishi motsa jiki: surfe, daka, niƙa, jan ruwa a rijiya, tuƙin tuwon gida mai mutum ashirin. Injin niƙa ya ɗauke wannan, 'yan ga-ruwa da burtsatse suka ɗauke wancan, kuma babu mai hankalin da zai ce a mayar da iyayenmu mata bakin turmi. Sai acaɓa ta zo ta koya mana hawa abin hawa don tafiyar da ba ta kai minti goma ba. Da aka hana ta ɗaukar fasinja a Janairun 2013, adaidaita sahu ta cike gurbin. Yau ɗan kasuwa zai fito daga gida ya hau, ya sauka a bakin kasuwar Kwari ko ta Wambai, ya zauna a shago daga hantsi har la'asar sakaliya, abinci ma yaro ne zai kawo masa.

A daidai wannan lokaci tukunya ita ma ta sauya. Gero da dawa sun ja baya, farar shinkafa da taliya da fulawa suka shigo gaba. Soye-soye ya yawaita. Lemon kwalba da a da sai ranar suna ko Sallah ya zama abin korar abincin rana. Ba wanda ya yi wannan ƙiba cikin wata guda. Kilo ɗaya ko biyu ne a shekara, har shekara goma sha biyar. Abin da nake son mai karatu ya riƙe ke nan: abin da ya shigo ta ƙananan ɗabi'un yau da kullum na gida, ta nan kawai zai fita ya kuma zauna a waje, kuma mutum ɗaya ba ya iya yin aikin in tukunyar gidansu ba ta sauya ba.

Jiki manomi ne mai tsoron fari. Duk abin da aka ci ya yi saura sai ya zuba a rumbu, rumbun kuwa shi ne kitse. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa. In aka rage ci kaɗan aka ƙara motsi, sai ya riƙa ɗiba a rumbun a hankali ba tare da ya firgita ba. In kuwa aka yanke masa abinci gaba ɗaya, sai ya ɗauka fari ya zo: ya rage abin da yake ƙonawa, ya ƙara aiko da saƙon yunwa, ya fara cin tsoka tare da kitsen, kuma ranar da abinci ya dawo zai cika rumbun har ya yi ƙari. An ga wannan ƙarara a Amurka, inda masana suka bi mutum 14 da suka shiga wata gasar talabijin ta rage ƙiba cikin gaggawa. Rahoton da aka fitar a 2016 ya nuna bayan shekara shida yawancinsu sun mayar da mafi yawan abin da suka zubar, kuma jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 ƙasa da abin da ya kamata a kowace rana. Shi ya sa likitoci ke cewa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa, kuma ga mafi yawan mutane rabin kilon ya fi ɗorewa.

Abin farin ciki shi ne ba sai an koma jikin samartaka ake samun amfani ba. A wani babban bincike na Amurka da aka wallafa a 2002, an ɗauki mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Aka nemi wasu su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai sauri minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari, alhali waɗanda aka ba ƙwayar metfomin kashi 31 suka samu. Ga mutumin nan namu mai kilo 90, kashi 7 kilo shida ne da 'yan kai. Zai iya kaiwa nan cikin wata huɗu zuwa shida ba tare da ya kwana da yunwa ko sau ɗaya ba, kuma babbar rigarsa ma ba za ta tona shi ba.

To daga ina za a fara? Daga abin sha, domin nan ne riba ta fi yawa kuma wahala ta fi ƙaranci. Robar lemo mai santilita 50 tana iya ɗaukar sukari kimanin giram 50, wato cokalin shayi goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan shi ne iyakar abin da baligi zai sha a yini guda, in so samu ne ma rabinsa. Kuma ruwa mai zaƙi ba ya ƙosarwa. Za ka sha shi ka ci abincinka cif kamar ba ka sha ba. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita a 2022, amma wannan bai kai abin da zai sa wani ya fasa saye ba. Kada kuma mu ɗora wa kamfani laifi mu wanke na gida. Zoɓo da kunun aya da lamurje na ƙulli, sukarin da ake zuba musu ba ya da ma'auni. Koko na safe, shayin dare mai kauri da madarar gwangwani da kayan haɗi, duk sahu ɗaya ne. Zuma da mazarƙwaila ma a wurin jiki sukari ne. Fura da nono abinci ce mai kyau ƙwarai, gero ne da nono, matsalar ita ce tulin sukari da kuma shan ta a matsayin abin kora bayan an riga an ci tuwo. A sha ta a madadin abinci, ba a kansa ba. Harshe yana sabawa: in aka rage daga cokali huɗu zuwa uku na mako biyu, sannan biyu, za a kai ranar da tsohon haɗin zai gundure mutum.

Na biyu mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne ko kusa, kuma mu da ludayi muke zubawa, wani lokaci kai-tsaye daga galan. Garau-garau, ɗanwake, taliya da mai da yaji, gurasa bandashe, dukansu ana iya rage musu rabin man ba su rasa daɗinsu ba. Ƙosai, waina, funkaso, soyayyiyar doya da awara ba haramun ba ne, amma ba na kullum ba ne.

Na uku girman malmala. Ba na goyon bayan masu cewa Bahaushe ya bar tuwo. Shawara ce da ba za ta kai mako uku ba, kuma tuwon dawa ko na gero da ba a cika surfe shi ba ya fi biredi da taliyar leda nesa ba kusa ba, domin dusar da ke jikinsa tana sa sukari shiga jini a hankali, ta kuma riƙe ciki. Abin da za a yi shi ne a juya tsarin kwanon. Mai cin malmala uku ya koma biyu, miya ta ƙaru, man miyar ya ragu. Kuka, kuɓewa, yakuwa, alayyahu, kabewa, zogale, rama, tafasa, lansir, yalo, duk Allah ya hore mana su da araha. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kafin abinci yana cike gurbin malmalar da aka janye. A wake da shinkafa, waken ya rinjayi shinkafar. Wake, ƙwai, kifi, nono da awarar da aka sa a miya suna daɗewa a ciki, suna kuma kare tsoka kada ta tafi tare da kitse. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta tura gidaje da yawa ga abin da ya fi cika ciki da arha, taliya, garin kwaki da sukari, shinkafa da mai. Saboda haka ƙiba ba ciwon masu kuɗi kaɗai ba ce, kuma maganinta ba sai da kayan kanti masu tsada ba. Dunƙulen miya da gishiri ma a sassauta, daddawa ta ɗauki wani nauyin, saboda hawan jini.

Duk waɗannan shawarwari a hannun mutum biyu suke, mai cefane da mai girki. Maigidan da likita ya ce ya rage nauyi, in aka ware masa 'yar tukunyarsa ta marar lafiya sauran gida na cin abin da suka saba, ba zai daɗe ba zai dawo. Uwargidan da ke son ragewa, in mijin kullum da ledar tsire da lemo yake shigowa ƙarfe goma na dare, ita ma haka. A gidan da ake girki bi-da-bi, miyar da mai ya taso a kanta ta zama abin gasa, ba wadda ke so a ce ranar girkinta ba a ji daɗi ba. Maigida ne ya kamata ya furta da bakinsa cewa ya fi son mai kaɗan. Gyaran da ya shafi tukunyar kowa shi ke zama, kuma yara su ne suka fi cin ribarsa. Haka abin yake a ciyayyar ƙofar gida da walima da biki, inda janye hannu da wuri kan sa a ce ka raina abincin mutane. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. A ci a hankali, a ɗauki ƙananan lomomi, a yi hamdala a tashi. Koyarwar raba ciki gida uku kowa ya ji ta a bakin malamai tun yana yaro, aiki da ita ne ya yi mana wuya.

Game da motsa jiki akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa tun farko don kada gwiwa ta yi sanyi. Tafiyar rabin awa da sauri tana ƙona kalori 150 zuwa 200, robar lemo ɗaya ta mayar da su. Motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke nauyi sosai. Aikinsa shi ne ya rage kitsen ciki, ya saukar da sukari da hawan jini ko da sikeli bai motsa ba, ya kare tsoka, ya kuma hana abin da aka zubar dawowa. A wani kundi da aka buɗe a Amurka a 1994 na mutanen da suka rage nauyi mai yawa suka kuma riƙe, an ga galibinsu suna motsa jiki kusan awa guda kullum, kuma tafiya ce ta fi yawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga.

Birnin bai sauƙaƙa wannan ba. Lunguna sun matse, tituna babu gefen masu ƙafa, filayen unguwa da yawa sun zama shaguna, badala kanta an cinye ta a wurare da dama, ga zafin bazara da kan wuce digiri 40. Duk da haka akwai hanya. Bayan sallar asuba gari da sanyi, titi ba kowa. Masu ƙarfin gwiwa ga matakalar Dutsen Dala, ga kewayen filin wasa na Ƙofar Mata. Ɗan kasuwa ya sauka daga adaidaita tun kafin a kai, ya ƙarasa da ƙafa. Mai zuwa jam'i ya zaɓi masallacin da ya fi nisa a ɗaya ko biyu daga cikin salloli biyar. Tafiyar minti goma bayan cin abinci ma tana taimaka wa sukari.

Mata ne suka fi shan wahala a nan, kuma su aka fi mantawa. Macen da ta haihu biyar ko shida, kowane jego da kunun kanwarsa da gasasshen namansa da kwana arba'in na zama, tana tara 'yan kilo a kowace haihuwa da ba sa tafiya. Ba za ta fita gudu a titi ba, kuma faɗa mata ta yi hakan rashin sanin garin ne. Amma tsakar gida ta isa a yi zagaye minti goma sau uku a yini. Tashi da zama a kan kujera sau goma sha biyar, tura bango da hannuwa, ɗaga robar ruwa, hawa da sauka a dakali, duk suna gina tsoka. Zuwa Islamiyya ko gidan 'yan uwa a ƙafa tare da maƙwabta ya fi komai sauƙin ɗorewa. Abin da take buƙata daga maigida shi ne izini da ƙarfafawa, daga dangi kuma su daina tambayar ko wani abu ke damun ta da zarar ta fara faɗawa.

Azumin Ramadan dama ce da muke bari ta wuce. Bincike a ƙasashen Musulmi ya nuna mai azumi kan rage kilo ɗaya ko kusa, ya mayar cikin 'yan makonni bayan Sallah. Dalilin a faifan buɗa-baki yake: ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, kunu mai zaƙi, lemo, sannan abinci mai nauyi bayan asham. Dabino da ruwa, 'ya'yan itace, abinci ɗaya bayan magariba, sahur mai wake ko fura marar sukari, wannan ya wadatar.

Sai kasuwar magani, wadda ke cin mu ta fuska biyu. A gefe guda 'yan mata na shan sha-ka-fashe don su ciko kafin biki. Yawanci deksametason ne ko ƙwayar buɗe ciki; na farkon yana kumbura fuska da ciki, ya jawo ciwon suga da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma barin sa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha haɗari ne, sai da likita. A ɗaya gefen ga shayin rage tumbi da ake tallata a Facebook da TikTok da motoci masu lasifika. Mafi yawansu filasko ne ko maganin sa fitsari. Ruwa suke fitarwa, sikeli ya sauka kwana biyu, ƙoda ta biya kuɗin. An sha kama irin waɗannan a ƙasashe da dama ɗauke da sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya. Ruwan zafi da lemon tsami ba ya narkar da kitse, ɗamarar ciki da gumin leda ma haka. Allurai irin su Ozempic da Wegovy suna aiki da gaske, amma da tsada suke, sai likita ya rubuta, kuma bincike ya nuna wanda ya daina yakan mayar da kashi biyu cikin uku na abin da ya rage cikin shekara guda.

Wanda ya kama hanya ya san cewa saukar makon farko yawanci ruwa ce, kuma wajen wata na shida nauyi kan tsaya cik domin ƙaramin jiki ƙaramin abinci yake ƙonawa. Wannan ba gazawa ba ce; riƙe abin da aka samu ma aiki ne. A hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, a gwada igiyar nan sau ɗaya a wata, a kuma samu barci isasshe, domin hirar dare a teburin mai shayi tana ƙara yunwa ta kuma kawo Indomie da ƙwai. Mai juna biyu ba ta shiga shirin rage nauyi, mai shayarwa ta bi a hankali. Mai shan maganin suga ko allurar insulin ya ga likitansa kafin ya rage ci, don kada sukarinsa ya faɗi ƙasa, haka mai ciwon zuciya kafin ya fara hawan Dala. Wanda kuma ya ga yana ramewa alhali bai sauya komai ba, musamman in da yawan fitsari da ƙishirwa, ko tari da gumin dare, ya je asibiti a auna masa sukari a duba ƙirjinsa cikin makon nan.